Kafin ka shiga Banex, kasuwar kayan lantarki ta Abuja, siyan sifika ta falo

Watan jiya ƙanina ya kama ciki da falo a Kubwa, ya ce yaya dan Allah raka ni Banex in siyo hom tiyata mai sifika biyar. Shagon farko da muka shiga yaron shagon ya sauko mana da kwali an rubuta 5000W ɓaro-ɓaro, na juya bayansa sai ga PMPO da ƙananan haruffa. Wannan lambar talla ce kawai. RMS za ka duba, shi ne ainihin ƙarfin da sifika ke iya riƙewa tana aiki.

Ni dai ga falo irin namu na Kubwa, Lugbe ko Nyanya, sifika biyu masu amfilifaya a cikinsu sun fi min tarkacen 5.1 (sifika biyar da wufa ɗaya, wato babbar sifikar bas) mai araha nesa ba kusa ba. Misali Edifier R1280DB, 42W RMS ce kacal amma tana cika falo, tana da Bluetooth da wajen jona wayar sauti ta optikal da ta RCA, ramin bas ɗinta a gaba yake, ko ka matsa ta jikin bango ba ta gunji. Amma kula, akwai R1280T da suke kama kamar tagwaye, ita babu Bluetooth babu optikal, to kaga idan talabijin ɗinka irin sababbin nan ce da optikal kaɗai take fitar da sauti ka shiga uku. Duba bayan talabijin ɗinka, ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka fito daga gida. Mai son ƙara wufa daga baya ya nemi R1280DBs, ita ce ke da wajen jona ta.

In kuma lallai sautin da ke zagaye kai kake so, Logitech Z906 ta gaske ce, ƙananan sifiku biyar da wufa, 500W RMS, tana karanta Dolby Digital da DTS, wato tsarin sautin zagaye na fina-finai. Sai dai ba HDMI, ba Bluetooth, kuma biyun baya sai ka ja musu waya har bayan kujera, ga mai gida da ba ya son a taɓa masa bango, ga yara masu jan waya, ga kuma inbata da za ta fi jin jiki in an ɗauke wuta. Sannan abin da kake kallo ma sai an haɗa shi da 5.1 tun asali, yawancin abin da muke kallo a YouTube hagu da dama ne kawai, Bluetooth ma haka.

Sandba kuwa, wato doguwar sifikar nan da ake ajiyewa ƙasan talabijin, sauƙinta HDMI ARC, waya ɗaya zuwa talabijin, rimot ɗin talabijin ke ƙara murya. Wadda ba ta da sifikun baya kwaikwayon zagayen take yi.

Masu son tokumbo ku karanta takardar bayanta, ta Amurka 120V ce, wutarmu 230V, na taɓa ƙona wata a minti ɗaya wallahi har yau ina jin ciwonta. Sitabilaiza kuma dole.

A shagon na jona wayata na sa karatu da labaran rediyo maimakon kiɗan da suke ƙurewa, don murya ce ke tona asirin sifika. Ƙanina ya saurari uku, ya ɗauki R1280DB, ragowar kuɗin ya sayi sitabilaiza da wayar optikal.