Jiƙa iri ko kankare shi?

Furen Clitoria, mai yaɗo da shuɗin fure, wanda a Sudan ake shukawa har don kiwo, yana kyau a kan danga ko rumfar tsakar gida. Matsalarsa ɗaya ce: ɓawon irin yana da tauri, ruwa ba ya shiga da sauƙi.

Jiƙawa ita ce hanya mai sauƙi. A zuba irin a ruwa mai ɗumi ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka, sauran a ƙara musu lokaci. Amma da zafin Afrilu a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno ko Sinnar, inda ake wuce digiri 40, iri ya daɗe a ruwa sai ya ruɓe.

Kankarewa ta fi cin lokaci, ni kuwa ita na fi so. A goga gefen kowace ƙwaya a dutse ko da abin yanke farce, har farin da ke cikin ƙwayar ya ɗan leƙo, nesa da idon irin, don nan tsiron yake. Ruwa ya samu ƙofa, irin ya tsiro kusan tare. Ga mai ƙwaya goma wannan ba wahala. Mai mudu guda dai sai ya jiƙa.

A baƙar lakar gaɓar kogin Nilu kuma, a gauraya yashi kafin shuka, kada ruwa ya kwanta.