Gargaɗi ga 'yan uwa a Kumasi: sidi 14,500 na biya, aka ba ni tsohon inji a sabon jiki

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sabon Zongo, Tafo, da duk wanda wannan rubutu ya iske. Kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. Sidi 14,500 na ƙirga wa wani mutum a garin nan da sunan ya sayar min da sabon babur. Sidi 14,500. A tsohon kuɗi, yadda iyayenmu ke lissafi har yau, miliyan 145 ke nan. Kwana 26 na hau shi injin ya buga.

Ban kama sunansa ba tukuna saboda maganar tana hannun manya, kuma limaminmu ya roƙe ni in dakata zuwa Juma'a. Amma hotuna suna nan, rasit yana nan, saƙon MoMo (tura kuɗi ta waya) yana nan, muryarsa da ya turo min ta WhatsApp tana nan. Duk zan ɗora.

Kafin wani ya ce min "ai kai ma da sakacinka", ku saurara. Shekara 11 ina kan babur, wannan shi ne na uku da na mallaka. Biredi nake rabawa, tun asuba na ɗauka daga gidan gashi in bi Oforikrom, Tech, har Ejisu, in dawo kafin rana ta yi zafi. Na san ƙarar inji mai lafiya kamar yadda na san muryar 'ya'yana. Ranar da na je na duba, na tayar da shi da kaina, na sa hannu a bakin salansa ban ga hayaƙi ba, na duba mita tana kan kilomita 7, leda tana jikin kujera, tayoyi da gashinsu. Na duƙa na karanta lambar inji na gwada da ta takarda, iri ɗaya. To me kuma ya rage in duba? Ku faɗa min.

Abin da ke hana ni barci shi ne lokacin da na miƙa masa kuɗin. Muna tsaka da ciniki aka kira la'asar, sai ya rufe littafinsa ya ce, "Ɗana, bar maganar kuɗi, mu je mu ba Allah haƙƙinsa tukuna." Shi ya miƙo min buta da hannunsa. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata tana taɓa tasa. Da muka dawo ya tambaye ni ɗan gidan wa ne, na faɗa masa, ya dafa kai ya ce ai ya san mahaifina tun zamanin fataucin goro, ya yi masa addu'a. Sannan ya ce, "Tsakanina da kai Allah ne shaida. Ko ƙusa ɗaya ta kwance cikin wata shida, dawo min da shi, kamfani zai canza." Ina jin wannan maganar a kunnena har yanzu. Ya miƙo min buta, ya yi wa mahaifina addu'a, na zaro sidi 9,000 daga jaka na ƙirga masa a kan benci. Wane ne a cikinku zai yi zargin mutum mai furfura a gemu bayan wannan?

Sauran 5,500 ta MoMo na tura. A nan ne kaɗai gabana ya ɗan faɗi, domin sunan da ya fito a waya na mace ne. Na ce, "Alhaji, ba sunanka ba ne." Ya ce layin uwargidansa ne, nasa ya cika. Na danna. Kuma ya karɓi wani 700 daban wai zai yi min lambar babur a DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, lambar da har yau ban gan ta ba. In aka haɗa 15,200 ke nan. A cikin 9,000 ɗin nan, 6,000 kwasar adashin maman yara ce, shekara guda tana zubi daga cinikin koko da ƙosai. Ita ta ce in ƙara da nata in sayi sabo in huta da gyara.

Ranar da ya buga, Talata ce, ko Laraba, na dai san na ɗauko kaya cike. Na wuce Anloga Junction kaɗan sai na ji ƙarfi ya ragu, sai wata ƙara daga ƙasa, kaf kaf kaf, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Kafin in kai bakin titi tayar baya ta ƙame, Allah ne ya sa na riƙe kulochi da sauri, ga tirela a bayana. Biredin mutane ya zube a kwalta. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na ɗauka haya ta kai min shi Suame Magazine, unguwar makanikai.

Na manta ban faɗa ba, tun sati na biyu na kira shi na ce babur yana shan baƙin mai. Ni na juye mai a kilomita 500 kamar yadda ake yi wa sabon inji, ban taɓa wuce gudun 60 da shi ba, ban ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Ya ce haka sabon inji yake, sai ya zauna. Wannan muryar ce nake da ita a waya.

A Magazine, Mastan da ke min gyara tun babur ɗina na farko ya kwance kan injin ina tsaye. Da ya juye man a roba, sai ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki kamar an barbaɗa yashi. Ya ɗaga kan silinda ya nuna min jan gam da aka shafa a gefen gaskit, ya ce kamfani ba ya haɗa inji haka. Ya goge saman fistin da tsumma da fetur ya juyo min da shi: an buga 0.50 a kai. Ya ce, "Malam, ka san ma'anar wannan? Fistin mai ƙarin faɗi ne. Ba a sa shi sai silinda ta cinye an kai ta an sake yashe cikinta. Wannan injin ya yi shekaru yana aiki kafin ya zo hannunka." Sannan ya kama babban yatsana ya goga a wurin lambar inji. Wurin ya lotsa, an kankare tsohuwar lamba da injin wasa ƙarfe an buga sabuwa da hannu, har lamba 8 ɗin ta karkace, aka bi da fenti ruwan azurfa. Lambar da na duƙa na karanta na ce ta yi daidai da takarda. Yaran shagon duk suka yi shiru. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ashe jikin sabo ne, ko kusan sabo, injin ne aka musanya. Sabon injin da ya zo da shi yana wani wuri, an sayar wa wani daban. Riba biyu a babur ɗaya.

Na ɗauki katin garanti na tafi ofishin wakilan kamfanin da ke ƙera babur ɗin. Sau uku na je. Zuwan farko suka ce mai duba irin wannan ba ya nan. Na biyu suka ɗauki hoton lambobin suka ce sai sun tura Accra. A na uku ne wata yarinya ta juyo min da kwamfuta ta ce lambar jikin babur tasu ce, amma lambar injin ba ta cikin rajistarsu kwata-kwata, katin garantin ma ba irin nasu ba ne, kuma mutumin ba ya cikin dilolinsu. Saboda haka ba ruwansu. Na ce to tambarinku fa da ya rataye a ƙofar shagonsa ƙato guda, kowa na wucewa yana gani? Ta ce za su bincika. Ban ce su suka cuce ni ba, amma sunansu na gani na shiga shagon, kuma jikin babur ɗin daga hannun wani nasu ya fito. Ko wa suka sayar wa ma sun ƙi faɗa min.

Shi kuwa Alhajin, kafin in je kamfani ma na koma wurinsa, tun washegarin da aka buɗe injin. Na kai masa fistin ɗin a leda na ajiye a kan bencin da na ƙirga masa kuɗi. Bai ko taɓa ba. Ya ce makanikina ne ya canza injin don ya ci kuɗina. Mutumin da ya kwance shi a gabana, rana tsaka, yara biyar suna kallo! Daga baya ya ce ni na bar shi ba mai. Yanzu in na kira sai yaronsa ya ɗauka ya ce ya yi tafiya Tamale. Sati biyu yana Tamale, amma ranar Juma'a an gan shi a babban masallaci.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, sun rubuta, sun ce in kawo duk shaidar da nake da ita. Wani ɗan uwa da ya karanci shari'a ya ce min dokar sayar da kaya ta 1962 tana bayana, tunda an sayar min da abu da sunan sabo alhali ba haka yake ba, in manya sun kasa in tafi kotu. Zan tafi. Ko zan sayar da waya ta zan tafi. Ba ragin sidi 2,000 da ya yi min a kan farashin dila ne ya ja ni ba, kamar yadda wasu ke faɗa a majalisa. Na yarda da shi ne saboda abin da na gaya muku. Ya miƙo min buta.

Ku da za ku saya: ku je da makanikinku, ku shafa wurin lambar inji da yatsa, ku kira kamfani ku karanta musu lambobin biyu kafin ku ba da ko kwabo. Sunan da ya fito a MoMo in ba na mai shago ba ne, kada ku tura.

Babur yana Magazine a kwance, injin a cikin kwali. Biredi yanzu da hayar pragya, keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, nake rabawa, rabin riba tana tafiya a nan. Maman yara ba ta ce min komai ba tun ranar, ko kalma ɗaya a kan 6,000 ɗinta, kuma wannan shirun ya fi min ciwo. Duk wanda ya sayi babur a wani shago kusa da Alabar cikin watannin nan ya je ya duba lambar injinsa yau, in ya ga ta lotsa ya neme ni ta saƙo mu haɗu. Hoton fistin da na rasit suna zuwa da daddare in Allah ya yarda. Sunan kuma ina jiran Juma'a.