Sharhi a kan kwas ɗin zarurrukan manhaja da na yi a Jidda

Na shiga wannan kwas na zarurruka (threads, wato layukan aiki da manhaja ke tafiyarwa a lokaci guda) ne a wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke Jidda saboda wata matsala guda ɗaya da ta addabe ni. A ofishinmu na aika kaya zuwa Kano, wanda ke kusa da Bab Sharif, ni ne na rubuta manhajar da ke karanta nauyi daga sikeli ta buga rasit, da harshen Python da PySide6, wanda ke ba Python damar amfani da Qt, kayan gina tagogin manhaja. Duk lokacin da sikelin ya yi jinkirin amsawa sai tagar manhajar ta sandare, kuma da zarar ta yi daƙiƙa 5 ba ta motsa ba, Windows ya dusashe ta ya rubuta cewa ba ta amsawa.

Makonni biyu na farko sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Malamin ya fayyace cewa taga tana da babban zare guda ɗaya da ke sauraron maɓallai yana sake zana allo, saboda haka duk aikin da ke jiran wata na'ura dole a mayar da shi zare na dabam ta hanyar QThread, kayan Qt na tafiyar da zare. Na yi hakan, sandarewar ta ɓace, har na fara yi wa abokai tallar cibiyar.

Inda aka samu tangarɗa shi ne darasin raba bayanai tsakanin zarurrukan. Abin da aka koya mana shi ne a ajiye nauyin a wuri ɗaya da zarurrukan biyu ke gani, a saka masa kwaɗo na QMutex da ke hana zare biyu taɓa shi a lokaci guda, shi ke nan an gama. A misalin aji ma zaren aiki ne ke rubuta lamba kai tsaye a kan taga, alhali takardun Qt sun faɗa ƙarara cewa babban zare ne kaɗai ke da ikon taɓa kayan taga. Da na yi tambaya, sai malamin ya ce in dai yana aiki a injinsa babu damuwa.

A goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da masu Umara ke cika ofis da katan-katan na dabino da dardumai, wata dattijuwa ta ɗora jakarta, allo ya nuna kilo 23, ma'aikacinmu ya danna maɓallin bugawa. Kafin ya amsa tambayar tabbatarwa, an sauke jakar an ɗora buhun mutumin da ke bayanta, rasit kuwa ya fito da kilo 41. Ta riƙe takardar ta ce, "Ɗana, yaushe jakar tawa ta haihu?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne," muka sake awo da azumi a bakinmu, layi ya kai bakin titi. Washegari manhajar ta rufe kanta sau biyu ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Sai da na kwana biyu ina bin lambobin kafin na gane abin da ya faru. Manhajar tana karanta nauyin sau biyu, ɗaya don allo ɗaya don rasit, kuma kwaɗon yana kare kowane karatu shi kaɗai ne, bai san da tazarar da ke tsakaninsu ba, wadda a cikinta zaren sikeli ya canza lambar. Rufewar kuwa daga taɓa taga ta zaren aiki ta samo asali. Na cire wurin tarayyar gaba ɗaya, na sa zaren sikeli ya riƙa aiko da nauyin ta sigina, wato hanyar Qt ta aika saƙo tsakanin sassan manhaja. Qt yana jera irin wannan saƙo a layin babban zare idan mai aikawa da mai karɓa ba a zare ɗaya suke ba, don haka taga ke karɓar lambar da kanta, kuma da an danna maɓalli sai ta daskarar da abin da ke kan allo ta buga shi.

Adalci ne in ambaci mataimakin malamin, wanda ya duba gyaran nawa a daren sallah ya kuma tunatar da ni in tsayar da zaren in jira shi ya kammala kafin a rufe taga. Saboda shi na so in sassauta hukuncina. Amma da na koma na duba jadawalin kwas ɗin, sai na tarar sigina tsakanin zarurruka an ware mata rabin awa ne kacal a ranar ƙarshe, ranar da aka shagala da rabon takardun shaida. Na rubuta wa cibiyar cewa su gyara misalin nan da ke taɓa taga daga zaren aiki, suka amsa da godiya, kuma wani ɗalibi na zangon da ya biyo bayanmu ya nuna mini shi yana nan yadda yake.