Butil ko soso: wanne ya fi wa Fijo 504?

Salam ƴan uwa. Wani ɗan uwa ya yi tambaya jiya, ya ce ya gaji Fijo 504 ta mahaifinsa, irin haɗin Kaduna ɗin nan da PAN, kamfanin haɗa Fijo a Najeriya, ta fara tun 1975, injin lafiya lau amma zafi da ƙara sun hana shi sakat, kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, shin ya sayi butil ko ya sayi soso? To ɗan uwa, aikinsu ba ɗaya ba ne sam.

Butil wata baƙar roba ce mai nauyi da danƙo, bayanta alminiyom, kaurinta wajen milimita 2. Aikinta kashe rawar ƙarfe. Ka ƙwanƙwasa ƙofar motarka da yatsa za ka ji tana kuka kamar garwa, ka manna butil ka sake ƙwanƙwasawa sai ka ji dum, shiru. Kuma ba sai ka lulluɓe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin uku na tsakiyar falankin ƙarfen ya wadatar, masu shafe mota gaba ɗaya da shi asarar kuɗi kawai suke da ƙarin nauyi. Amma zafi fa? Kusan babu abin da yake tarewa, ya yi siriri da yawa.

Soso kuma, ina nufin baƙin nan mai toshewar ƙananan ramuka wanda ba ya shan ruwa, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, ba soson katifa ba. Shi ne maganin zafi. A 504 zafin nan ta wuri uku yake shigowa: bangon da ya raba injin da ƙafafunka, tudun giyabos da ke tsakanin kujerun gaba, da ƙasan da salansa ta bi, sannan ga rufi in rana ta take. Wanda ya taɓa yin Kano zuwa Zariya a watan Afrilu ya san yadda tafin ƙafa ke gasuwa a kan totur. Soso yana rage wannan sosai, yana ɗan rage ƙarar taya ma, sai dai ba zai hana ƙarfe rawa ba.

Don haka in abu ɗaya za ka saya, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40, ni soso zan ce. Ƙara ana jure ta, zafi kuwa shi ke sa mutum ya jingine mota. In ka samu rara daga baya sai ka sayi butil kaɗan saboda ƙofofi da but. Amma inda za ka haɗa su biyun, butil ne a ƙasa jikin ƙarfe, soso a samansa, sai kafet.

Abin da nake roƙonka don Allah kar ka yarda a sayar maka da na kwalta, irin wanda ake like kwanon ɗaki da shi, kamarsu ɗaya da butil kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Na taɓa sa shi a rufin tawa, wani mai shago ya rantse min duk ɗaya ne, bazara na zuwa ya saki, ya zazzago kan yadin silin ya yi baƙin tabo, ga warin kwalta da ya kai wata biyu yana sa yara ciwon kai, da kananzir da cokalin magina muka kankare shi. In kana shakka ka shinshina, butil na gaske kusan ba shi da wari.

Kafin ka manna komai ɗaga kafet ɗin tukuna. Za ka tarar da tsohon tsumma mai kama da buhun algarara, wannan shi ke riƙe ruwan damina yana cinye ƙasan mota, cire shi, in akwai tsatsa fanel bita ya yanke ya yi walda a shafa fenti ya bushe. Da daddare ka sa yaro ya haska tocila ta cikin bonet kai kuma ka leƙa ƙarƙashin dashbod, duk inda haske ya ɓullo nan zafi da hayaƙi ke bi, ka toshe da roba. Ka canza robar ƙofofi in ta bushe, kuma wajen manna butil a ƙofa kar ka rufe ƴan hudojin ƙasa da ruwa ke fita ta nan.