Filtar cikin akwati ko mazurarin waje: wanne za ka ɗaura wa motar?

Ɗan'uwa, tsakanin sauya filtar iska kaɗai a cikin akwatin da motar ta zo da shi, da kwance akwatin gaba ɗaya a ɗaura buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari, ɗauki na farko. Akwatin kamfani ka bar shi inda yake.

Zafi ne ya raba gardamar. Duk digiri 10 da iska ta ƙara zafi, tana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na nauyinta, kuma gwargwadon nauyin iskar da ta shiga silinda gwargwadon man da inji zai iya ƙonawa. Akwatin kamfani yana da hanci da ya leƙa gaba, yana jan iska daga wajen mota. Mazurari kuwa zaune yake ƙarƙashin bonet, yana shaƙar hucin lagireto da na bututun salansa. A kan buɗaɗɗen titi ba lallai ka ji bambanci ba. Amma ka tsaya a cunkoso minti goma, fankar lagireto tana hura zafi baya, sai ka taka totur ka ji motar ta yi sanyin jiki, domin ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ta ga zafin iskar ta ja lokacin wutar fulogi baya don kada injin ya fara ƙwanƙwasa. Ba sai ka yarda da maganata ba: jona ƙaramar na'urar OBD2, wadda ke karanta bayanan ƙwaƙwalwar mota, ka karanta zafin iskar da ke shiga inji, ka kwatanta da na waje a tsaye da kuma a guje.

Ita filtar cikin akwati aikinta bai wuce minti biyar ba. Ka ɓalle kilif, ka ɗaga murfi, ka goge ƙura da ganyen da suka taru a ƙasa, ka zaunar da sabuwa har robar gefenta ta kwanta daram a raminta, ka rufe. Ba ka taɓa sensa ba, ba ka cire tiyo ko ɗaya ba, ranar da za ka sayar da motar kuma ka mayar da filtar takarda ta asali. Iri uku ne a kasuwa: ta auduga mai mai irin K&N da BMC, ta soso irin ITG da Pipercross, sai busasshiya wadda ba a shafa wa mai irin AEM Dryflow. In motarka tana da sensar MAF, mai auna yawan iskar da ke shiga inji, a bayan filta, busasshiyar ta fi kwanciyar hankali. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da lissafin ƙarfin doki. A injin da ba a taɓa ba, abin da za ta ƙara bai kai ka ji shi a jikinka ba. Ribarta ita ce ka wanke ka mayar. In kuma hanyarka mai ƙura ce, ta takarda ta fi dukkansu tare ƙura.

Mazurari abu ɗaya yake bayarwa babu musu: ƙara. Injin zai riƙa gurnani, in akwai tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ka ji fitonsa. Shi ke nan.

Inda ake yawan ƙonewa shi ne wajen sensar MAF. Ita ɗan sashe kaɗan na iskar take aunawa, ƙwaƙwalwa ta lissafa sauran bisa faɗin bututun da ta sani. In bututun asali milimita 70 ne, kit ɗin mazurarin, wato shi da bututunsa, ya zo da 76, hanyar iska ta ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari, sensa kuma ba ta sani ba. Sai ta ce iska kaɗan ce ta shiga, a ba da mai kaɗan, fitilar gargaɗin inji ta kama da lambar P0171 ko P0101. A injin tobo wannan ba wasa ba ne, ƙarancin mai a ƙarƙashin matsi yana iya narkar da fistin. Shi ya sa masu Subaru WRX ba sa ɗaura irin wannan kit sai an sake saita ƙwaƙwalwa. Bayan kowane canji ka duba gyaran mai na dogon lokaci a OBD2, wato yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don daidaita shi da iska. In ya haura kashi 10, akwai matsala, ko bututu, ko kilif da bai ɗauru ba, ko tiyon numfashin inji da aka manta a buɗe.

Akwai kuma doguwar kit da ke sauke filta ƙasa bayan bamba. Iskar da take ja mai sanyi ce, gaskiya. Amma ranar da ka shiga ruwa mai zurfi, injin zai sha, ruwa kuma ba ya matsuwa: konrod, sandar da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe nan take. In lallai kit kake so, to sai rufaffiya, mai akwatinta da hancin da ya fita waje, kuma bayan an riga an sauya salansa an saita ƙwaƙwalwa, lokacin da akwatin asali ya fara shaƙe injin da gaske.

In ka zaɓi filtar auduga mai mai, wankinta ne ke da ƙa'ida. Fesa ruwan wankinta, jira minti goma, ɗauraye da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren mai tsafta zuwa waje. Ban da fetur, ban da iskar kwamfuresa, tana yaga audugar. Bar ta ta bushe da kanta, sannan ka bi kan kowane ninki da siririn layin mai, ka jira minti 20 ya ratsa, ka ɗiga a inda ya rage fari kawai. Wanda ya jiƙe ta sharkaf, man zai je ya lulluɓe sensa, injin ya fara rawa in mota tana tsaye.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Jabun K&N sun cika ko'ina, kwali da tambari kamar na gaske.  Matsa robar gefe, ta gaske tana da laushi tana dawowa, jabu kuwa tauri gare ta, tana barin kafa a kusurwa. Nemi lambar filtar da ta dace da injinka da shekarar motarka kafin ka fita, kada ka saurari mai ce maka ai duk ɗaya ne, za ta shiga. Bayan kilomita dubu ka cire ta, ka shafa farin ƙyalle cikin bututun da ke bayanta. In ya fito da ƙura, ranar ka mayar da ta takarda.