Ajin Turancin da na biya wa kuɗin wata uku, na mori sati uku

Gyaran waya nake yi a Farm Centre, boko kuma a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Ina gane rubutun da ke fitowa a fuskar waya, amma idan kwastoma ɗan kudu ya tsaya a kaina yana zuba Turanci, sai bakina ya yi nauyi, sai na kira yaron maƙwabcina ya yi mini tafinta. Abin da ya kai ni ajin manya na Asabar da Lahadi ke nan. Kuɗin ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa tambaya a Kano ya san yadda suke yanka, kuma a dunƙule suke karɓa.

Sati ukun farko gaisuwa ce da sunayen ranaku da ƙirge, abubuwan da na baro a firamare. Har na fara tunanin in haƙura da kuɗin in koma shago, don Asabar ranar ciniki ce.

A sati na huɗu Malama ta shigo da kwamfutarta ta ce yau fim za mu kalla. Wasu suka fara gunaguni, wai ba kallo ya kawo su ba. Ba ta kula su ba. Ta tambaye mu da Hausa me muke kiran mutanen cikin fim, muka ce jarumi, jaruma, bos. Ta rubuta Turancin kowanne, sannan ta ce kalmar bos da muka saba da ita tun zamanin kallon finafinan Indiya, a wurin Bature maigidanka ne a wurin aiki, mugun fim kuwa villain ake ce masa. Daga nan kowa ya gyara zama. Sai ta rubuta gajerun jimloli guda biyar a gefen allo: I like, I don't like, I think, I agree, I don't agree. A ƙarƙashinsu ta rubuta because da manyan baƙaƙe, ta zagaye ta. Ta ce duk wanda ya faɗi ra'ayi bai sa wannan kalmar ba, bai gama magana ba.

Fim ɗin bai wuce minti huɗu ba, kuma ta kashe sautin. Saurayi ne ya samu aiki a gari mai nisa, yana haɗa jaka, mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya. Ya zo bakin ƙofa, ya waiwayo ya kalle ta, ya fita. Ta haɗa mu biyu-biyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin abin da ya gani, kuma ta ce a ba da shi kamar yanzu yake faruwa, don haka masu harshen suke ba da labarin fim. Wannan ya sauƙaƙa mana ƙwarai, ba sai mun yi ta laluben yadda aikatau ke canzawa a lokacin da ya wuce ba.

Akwai wani dattijo a ajinmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, wanda tun da muka fara ban taɓa jin muryarsa ba sai a sallama. Kullum yana kujerar baya da littafinsa a rufe. Wata matashiya ta tashi ta ce tana ganin saurayin ya yi daidai, saboda kuɗin magani zai nemo. Kafin ta zauna sai muka ji an ja kujera daga baya. Alhaji ne a tsaye, hannunsa yana rawa. Ya kalli allo, ya kalli yarinyar, ya ce: "I don't agree. He is bad son, because mother is sick. Money is not mother." Aji ya yi tsit. Malama ba ta gyara masa ko harafi ɗaya ba. Cewa ta yi, "Alhaji, ƙaro mana dalili ɗaya." Ya ƙaro. Yarinyar ta ce, "Baba, to wa zai biya asibiti?" Malama ta ce ta maimaita da Turanci, ta maimaita. Wallahi sai da lokacin tashi ya wuce da kusan rabin awa muna musu a kan saurayin nan, kowa ya manta yana jin kunya. Ni ma ranar na fara haɗa jimla uku a jere a gaban mutane.

Gyaran kurakurai sai a ƙarshe ta yi shi, a allo, ba tare da sunan kowa ba. Tawa tana ciki, don na ce fim ɗin sweet ne. Ta bayyana cewa mu daɗi ɗaya muke da shi, na abinci da na hira da na barci da na kallo, su kuwa sun rarraba. Ta nuna mana bambancin bored da boring, na farko kai ne abin ya gundura, na biyu kai ne mai gundurar mutane. Har takarda ta sa muka riƙe a gaban baki don raba p da f: in takardar ta yi tsalle ka faɗi p, in haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa ka faɗi f. Sati biyu muka ƙara a haka, kuma da a lokacin na rubuta wannan sharhi da babu abin da zan ce sai yabo.

A sati na bakwai muka tarar da wani malami daban. Babu wanda ya yi mana bayani. Ya zo da takardu da aka buga, aka ce mu saya, kuɗin daban. Darasin fim ne har yanzu, amma tambayoyi ne a kan finafinan Amurka da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, a cike gurbi da sunan ɗan wasa. Ta yaya zan ba da ra'ayi a kan abin da ban kalla ba? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne katse mutum da yake yi a tsakiyar magana. Alhaji ya tashi sau ɗaya, bai kai kalma ta huɗu ba aka tsayar da shi sau biyu. Ya zauna, ya rufe littafinsa. Sati mai zuwa bai zo ba, kuma bai sake zuwa ba.

Tunda na taɓo ƙorafi, bari in faɗi na WhatsApp. Ranar rajista sun yi alkawarin za mu riƙa tura muryarmu a gyara mana. Na tura sau shida, ba a saurari ko ɗaya ba. Da muka je ofis mu huɗu a kan canjin malami, amsar da aka ba mu ita ce, "Ku yi haƙuri, ai duk malamai ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, mu da muka zauna a gabansu mun sani.

Wanda zai shiga, ya tambayi wa zai koyar, kuma ko shi ne zai kai su ƙarshe, kafin ya miƙa kuɗinsa. Takardar shaidata tana can ofishinsu, ita ma an ce sai an biya mata kuɗi daban, ban je na karɓa ba.