Hasken mitocin tsohuwar mota: LED ko sabon ƙwai irin na asali?

Ɗan'uwa, ka ce da daddare sai ka ƙura ido kafin ka ga allurar gudu da ta mai, kana tambaya ko ka koma LED ko ka sayi irin ƙwayayen da motar ta zo da su. Kafin ka zaɓa, a ciro mitocin a duba, domin sau da yawa laifin ba na ƙwai kaɗai ba ne. Ƙwai mai zare idan ya tsufa gilashinsa baƙi yake yi daga ciki, ga ƙura, ga tsatsa a maballin rage haske da kan wayar da ake ɗaurewa a jikin mota. Wutar da ke isa ga ƙwan idan ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da kusan kashi 30. Goge waɗannan wuraren kaɗai na iya dawo maka da haske mai yawa.

Sabon ƙwai mai zare irin na asali, ko mai lamba 194 ne, ko ƙaramin T5, ko BA9s mai murɗawa na motocin da suka fi tsufa, haskensa ko'ina yake bazuwa, kuma a kansa aka tsara akwatin mitocin. Launi ba zai canza ba, maballin rage haske zai yi aikinsa. Aibinsa zafi. Don Allah kada a ruɗe ka da mai wat da ya fi na asali, zai narkar da soket.

LED ya fi haske, wutar da yake sha kaɗan ce, zafinsa ma haka. Sai dai mai araha gaba yake harba haske kamar tocila, ka ga lamba ɗaya tana ƙyalli, ta kusa da ita cikin duhu. Nemi mai haskawa ta gefe. Yawancinsu ta fuska ɗaya suke kamawa, in bai kama ba ka juya shi, kuma ka gwada duka kafin ka mayar da mitocin. Tsohon maballin rage haske ba ya iya rage shi sosai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne: dashbod mai kashe ido yana hana ka ganin hanya da daddare. In akwai koriya ko jar roba a gaban ƙwan, sayi LED mai launinta, fari mai ratsin shuɗi ɓata kalar yake yi.

Wurin da ban yarda a sa LED ba shi ne fitilar gargaɗin batir. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ƙwan ne 'yar wutar da ke tayar da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, take bi. LED ba ya barin isasshiya ta wuce, sai altaneta ya ƙi fara caji har sai an taka totur sosai, wani ma ya ƙi gaba ɗaya, batir yana mutuwa kai ba ka sani ba. Fitilar ƙarewar mai ma a wasu motocin da ƙwai mai zare take aiki.

Ni dai shawarata, ka share, ka sa sababbin ƙwayaye masu wat irin na asali, ka yi tuƙin dare ka gani. In har yanzu bai ishe ka ba, sa LED a masu haska mitoci kaɗai, ka bar fitilun gargaɗi yadda suke.